Saƙon Inna da Bai Isa Ingila Ba

Wannan babi shi ne na fi jinkirta rubutawa. Na rubuta na ƙuruciya, na rubuta na aurena, na tsallake shi na rubuta na aikin Hajji, sannan na dawo na same shi yana jirana. Ku 'ya'yana kun taso kuna jin ana cewa Baffanku Dokta Idrisu ba ya son Minna, wai boko ya sa ya raina garin da aka haife shi. Ku kuma 'ya'yansa, musamman ke Ummi da kika ci sunan mahaifiyarmu, kun taso kuna ganin mahaifinku yana tashi daga wuri duk sa'ad da aka fara hirar iyaye mata. Ba boko ba ne, ba kuma halinsa ba ne. Ni ne. Karatuna bai wuce aji huɗu na elemantare ba, don haka zan faɗi abin yadda ya faru, ba tare da ado ba.

Mahaifinmu kafinta ne a reluwe, kamar yadda ubansa ya yi tun lokacin da ake shimfiɗa hanyar jirgi. Ya rasu ina aji huɗu, Idi ba a daɗe da yaye shi ba. Na bar makaranta, na yi 'yan buge-buge, daga baya da aka ga rubutuna yana da kyau sai wani tsoho mai rubuta wa mutane wasiƙa a gindin mangwaro, daura da gidan waya, ya zaunar da ni kusa da shi. Da ya rasu na gaji teburinsa da bencinsa da kwalbar tawadarsa. Na kuma gaji yadda yake aiki, kuma wannan ne ya kamata ku fahimta. Mu masu wannan sana'a ba ma saka mugun labari a takarda. Kowace wasiƙa da gaisuwa take farawa, ta ce kowa lafiya. Idan mutum yana kwance rai a hannun Allah, sai mu rubuta yana ɗan jin jiki. Idan ya riga ya cika, sai mu rubuta jiki ya yi tsanani, a zo. Mutum zai hau jirgi da sauran fata a zuciyarsa, sai ya iso zaure manya su zaunar da shi su gaya masa. Muna ganin wannan tausayi ne, kuma sau da yawa tausayin ne. Masu kawo saƙon ma haka suke so. Ban taɓa jin wanda ya ce mini na yi masa ƙarya ba.

Ni ne ɗan farin Inna, don haka tana jin kunyata kamar yadda matan zamaninta suke yi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta kira ni sai ta ce "kai", in za ta yi maganata da wani sai ta ce "mai teburin nan". Ba ta zama ta yi hira da ni, ba ta yaba mini a gaban kowa. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, kowane ɗan fari a unguwarmu haka ake yi masa. Amma Idi shi ne auta, kuma sunansa ba ya barin bakinta tun safe har yamma. Ina ganin haka shekara da shekaru, ina gaya wa kaina ba komai. Yanzu na san akwai komai.

Idi yana da kai, wannan ba wanda zai yi musu. Daga elemantare ya wuce midil, ya wuce sakandare, ya wuce jami'a, duk inda ya shiga shi ne gaba. A shekarar da ya gama digirinsa, ana tsakiyar yaƙin basasa, jiragen sojoji suna ta wucewa ta tasharmu, sai takarda ta zo cewa yana cikin 'yan kaɗan da aka zaɓa a ba su sukolashif zuwa Ingila, wato a ɗauke musu nauyin komai su yi digiri na biyu. Shi ilimin ƙasar noma zai karanta. A teburina aka buɗe takardar. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa, ya kai tasha, akawun gidan waya da bai taɓa amsa gaisuwata da kyau ba ya tsallako titi ya ba ni hannu. Ranar na ji kamar ni aka zaɓa.

Inna ce kaɗai ba ta yi murna ba. Ƙafafunta sun fara kumbura tun a damina, kuma ta riga ta gyara ɗakin da Idi zai zauna idan ya dawo ya kama aiki. Da ya durƙusa ya gaya mata, tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba.

"Karatun me kuma?"

"Na ƙasar noma, Inna."

"Ƙasa? Ƙasar ce sai ka je Ingila? Je ka Paiko, duk tsohon da ka tarar da fartanya zai koya maka, ya ba ka doya ka dawo da ita."

Idi ya yi dariya, yana zaton wasa ne. Sai ta ajiye faifan.

"Auta, tun kana ɗan shekara goma sha biyu nake ganinka da hutu kamar baƙo. Na jira an gama, yanzu ka ce an sake farawa. Ni ban yarda ba. Ka zauna ka binne ni, sannan ka tafi duk inda ka ga dama."

Wata guda aka yi ana fama. Kawu Bala, ƙanen mahaifiyarmu, wanda shi ne babba a danginmu a lokacin, ya yi mata magana. Tsofaffin malaman Idi sun zo har gida. Amma wanda ya fi kowa matsawa ni ne. Na ce wa Idi irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu, na ce fushin uwa na kwana biyu ne, na ce ai ina nan, me zai sami Inna ina gari? Duk gaskiya ne a fuska. Abin da ban faɗa ba shi ne na riga na ɗanɗani zaƙin a nuna ni a ce ga yayan wanda zai tafi Ingila, kuma ba na son a karɓe mini shi.

Ranar tafiya, da hantsi, Idi ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ba ta ɗaga asabari ba. Ya ce, "Inna, zan tafi. Ki yafe mini, ki sa mini albarka." Muna tsaye da akwatinsa, muna jira. Daga ciki ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Abin da ake gaya wa kowane baƙo ke nan, har mai tallan gishiri. Ya ƙara jira. Ba ta ƙara komai ba. Jirgin Ikko ba ya jiran kowa, sai na kama hannunsa na tashe shi.

Wasiƙunsa suna zuwa duk bayan sati biyu ko uku, a shuɗiyar takardar nan ta jirgin sama da ake naɗewa ta zama ambulan. Yana ba da labarin sanyi, da dankalin da ake dafawa ba gishiri ba yaji, da wata tsohuwa mai gidan da yake haya wadda take magana da kyanwarta. Ni nake karanta wa Inna, tana zaune ta ba ni gefe. Kowace wasiƙa da magana ɗaya take ƙarewa: a roƙar mini Inna gafara. In na kai nan sai ta yi kamar ba ta ji ba, ta ce, "Ka ce masa muna lafiya. Ka tambaye shi ko yana samun naman yanka." Wani lokaci ta ce a gaya masa ya riƙa rufe ƙirjinsa. Haka nake rubutawa, kalma da kalma, shekara guda cur. Waɗannan wasiƙu nata ne na gaskiya.

A damina ta biyu jikinta ya rikice. Kumburin ya hau har ciki, numfashi ya fara yi mata wuya. Ni na goya ta a bayana zuwa bakin titi ranar da za a kai ta asibiti, ni na dawo da ita da aka ce a je gida a ci gaba da magani. Matata tana yi mata wanka, ni ina ɗaga ta ina kwantar da ita. Akwai kuma aminiyarta, Mama Ladi, mutuniyar ƙauyen Garatu, Kirista, wadda suka saba tun suna sayar da kaya a layi ɗaya a kasuwa. Takan tako da ƙafa ta kawo mata kunu da ganyen magani, ta zauna tana matsa mata ƙafa. Wata rana bayan la'asar, Mama Ladi ta tafi ke nan, Inna ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ita da kanta ta nemi a yi wasiƙa.

"Kai, ɗauko alƙalaminka."

Na ɗauko, na zauna a bakin ƙofa. Tana magana tana hutawa.

"Ka ce da Auta ya zo. Ka ce masa ban riƙe shi da komai ba, tun ranar ban riƙe shi ba, bakina ne ya yi nauyi. Amma ina so in gaya masa da kaina, hannuna a kansa. Ka ce ya yi sauri."

Na rubuta duka, ban canza ko harafi ba. Na karanta mata, ta ce haka ne. Ina naɗe takardar ina jiran ko za ta ƙara wata kalma, ko ɗaya, game da wanda ya yi wata biyu yana ɗaga ta. Ta juya fuska bango ta yi barci.

Washegari ban kai wasiƙar gidan waya ba, na kai ta shagon Kawu Bala. Na karanta masa. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya tambaye ni yaushe ne jarrabawar yaron. Na ce saura wata huɗu. Ya ce, "In ya ga wannan zai bar komai ya taho, kuma in ya taho Turawa ba za su sake karɓarsa ba. Rai na Allah ne, tana iya tashi. Kai da kake wannan aiki ka fi ni sanin abin da ake rubutawa." Shekaru da yawa na ɓuya a bayan wannan magana ta Kawu. Yau ina gaya muku cewa na je wurinsa ne domin na san abin da zai ce. Da na so a ce mini in aika, na san shagon da zan shiga. Na koma teburina, na yayyaga takardar ƙanana, na zuba a kwandon shara na gidan waya. Na ɗauki sabuwa na rubuta cewa kowa lafiya, Inna tana ɗan jin jiki irin na damina, tana gaishe shi.

Sati uku ta ƙara. Kullum in na dawo daga aiki tambaya ɗaya ce.

"Ya amsa?"

"Ingila da nisa, Inna."

"To."

Ta cika ranar wata Talata da walaha. Kafin azahar mun kai ta.

Bayan addu'ar bakwai manya suka zauna a zauren Kawu suka yanke cewa kada a gaya wa Idi sai ya gama jarrabawa. Wannan ba baƙon abu ba ne, an yi wa wasu kafin shi, kuma da a nan abin ya tsaya da ba zan rubuta wannan babi ba. Su shiru suka ce a yi. Amma shiru bai isa ba, domin Idi ya saba da ganin maganar Inna a ƙarshen kowace wasiƙa, in bai gani ba zai tambaya. Sai na fara sa mata magana. Da farko irin wadda ta saba: ya rufe ƙirjinsa, ya nemi naman yanka. Na san muryarta fiye da kowa, shekara talatin ina saurarenta daga gefe. Sannu a hankali hannuna ya saki. Na sa ta ba da labarin akuyarta da ta haihu, na sa ta yi tsegumin maƙwabta. Wata rana na ga na rubuta, Inna ta ce Garba yana kula da ni ƙwarai, Allah ya yi masa albarka. Na zauna ina kallon layin nan, mutane suna jira a benci. Ban goge ba. Daga ranar ba wasiƙar da ta fita ba tare da Inna ta ambaci sunana ta yaba mini ba. Ina rubutawa ina jin sanyi a raina kamar da gaske ta faɗa.

Jarrabawa ta zo ta wuce, Idi ya fi kowa a ajinsu. Kawu ya ce to yanzu a rubuta masa jiki ya yi tsanani, ya zo. Na ce to. Kafin in rubuta sai ga wasiƙarsa. Malamansa sun nemi a ƙara masa sukolashif na shekara biyu ya yi digirin dokta, an kuma amince. Amma ya ce ba zai karɓa ba sai Inna ta yarda da bakinta. Ya ce ya tafi sau ɗaya ba da izininta ba, abin yana hana shi sukuni, ba zai ƙara ba. In ta ce ya dawo, jirgin farko zai hau. Ya ce in karanta mata wannan a hankali, in rubuto masa amsarta yadda ta faɗa.

Na kwana uku da takardar a aljihu. In na ce ya dawo, zai dawo ya tarar da abin da na yi. In ya ƙara shekara biyu, ina ganin kamar abin zai yi sanyi, ko wata dabara ta zo mini. Kuma kalmar nan dokta ta shiga kaina, ina jin yadda za ta zauna kusa da sunan gidanmu. Ban je wurin Kawu ba a wannan karo, domin na san shi ma ba zai yarda ba. Na zauna na rubuta wasiƙar da ta fi kowace kyau a duk rayuwata ta rubutu. Na sa Inna ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ta sa masa albarka, ya zauna ya gama abin da ya je yi, tana nan tana jiransa. Ga Kawu kuwa na ce yaron ya sami labari, ya yi haƙuri, karatu ne ya riƙe shi.

Mama Ladi ce ta fara gane ni. Ɗanta soja ne, yana bakin daga, kuma ni nake rubuta mata wasiƙa ina karanta mata amsa. Wata safiya ta zo ta tarar ina naɗe shuɗiyar takarda. Ba ta iya karatu ba, amma ta san launin. Hausarta irin ta mutanen ƙauyukan nan ce, ba ta raba mace da namiji.

"Malam Garba, Idi ya yi kuka da yawa?"

Na ce ya yi haƙuri.

"Me ya ce a kan uwa nashi? Karanta mini. Ni aboki nashi ne, ina so in ji."

Na fara lalube a cikin takardu, ina cewa ban san inda na sa ba. Ta tsaya tana kallona. Ta san ni tun ina yawo ba wando.

"Ba ka gaya mashi ba."

Na ci gaba da juya takardun.

"Inna ya mutu shekara guda, kai kana nan kana gaisuwa da baki nashi?" Ta miƙa hannu ta ɗauke wasiƙar ɗanta daga kan teburina. "To ni fa? Idan yaro na ya mutu a can, haka za ka karanta mini yana lafiya?"

Ta sa takardar a ƙullin zanenta ta tafi wurin wani mai rubutu a bakin kasuwa. Ba ta tona ni ba, ba ta kuma sake zama a bencina ba har ta bar duniya. Ko wannan bai sa na gyara ba. Na ci gaba, wata bayan wata, domin kowace wasiƙa da na ƙara tana sa gaskiya ta ƙara nauyin da ba zan iya ɗagawa ba.

Idi ya dawo bayan an gama yaƙi, da rani, a jirgin rana. Sai da ya rage kwana biyu na je na gaya wa Kawu gaskiya. Bai zage ni ba. Ya dube ni ya ce, "Ashe haka kake," ya shiga gida. A tasha Idi ya sauko da kwat da tabarau, ya rame, ya yi fari, yana ta dariya. Abu na farko da ya nuna mini, tun kafin a sauke akwatuna, wani bargo ne mai laushi da ya riƙo a hannu tun daga Ingila don kada ya matse. Ya ce na Inna ne, saboda ƙafafunta. Na ce mu fara biyawa ta wurin Kawu. Ya ce wane irin Kawu kuma, Inna tukuna. Na ce haka aka tsara. Ya dube ni, dariyar ta ragu. Shi ma ɗan garin nan ne, ya san abin da ake nufi idan aka ce wa matafiyi ya fara biyawa ta zaure.

Kawu ya zaunar da shi, ya yi salati, ya ce sai haƙuri. Idi ya sunkuyar da kai, hawaye suna zuba a kan bargon. Can ya ce, "Yaushe? Ina hanya?"

Kawu ya ce, "Damina uku ke nan."

Idi ya ɗago. Bai dubi Kawu ba, ni ya duba. Ya nemi a kai shi maƙabarta, na kai shi. Kun san kaburburanmu ba a rubuta musu suna, ga ruwan damina uku, ga sababbi da aka yi a kewaye. Na tsaya wurin da nake zato, na ce ina jin nan ne, ko kuwa wancan. Ya tsuguna a tsakanin biyun ya yi addu'a.

Kwana uku bai yi mini magana ba. A na huɗu da hantsi ya kira ni ɗakin da Inna ta gyara masa. Ya baje wasiƙuna a kan tabarma, duka, ba wadda ya yar. Ya raba su kashi biyu, ƙarami da babba.

"Yaya, waɗannan nata ne," ya nuna ƙaramin. "Waɗannan naka ne. Na yi daidai?"

Na duba inda ya raba. Bai kuskure ko da ɗaya ba, in ban da biyun farko da na ƙirƙira, waɗanda ya sa cikin nata. Na tambaye shi yadda ya gane.

"Sunanka. Inna ba ta taɓa cewa Garba ba. Ranar da na fara gani na yi murna, na ce tsufa ya sassauta ta, yau Yaya ya sami abin da ya daɗe yana so. Har na yi maka murna, ni kaɗai a ɗaki."

Ya zaro ɗaya daga cikin babban kashin. Ta yi laushi don yawan buɗewa, ta tsage a wurin naɗi. Wasiƙar yafiya ce. Ya ce shekara biyu tana aljihun ƙirjinsa, da ita ya shiga gaban malaman da suka yi masa tambayoyin ƙarshe. Ya ajiye ta a hankali a kan sauran.

"Wannan na gane ba ita ba ce. Abu ɗaya zan tambaye ka, don Allah ka gaya mini gaskiya sau ɗaya. Kafin ta rasu, ba ta ce komai a kaina ba?"

Ku tsaya a nan, domin duk abin da na faɗa a baya sharar fage ne. Maganarta tana bakina, kalma da kalma, har yau ban manta ko ɗaya ba. Da na faɗa, da na sauke masa abin da ya ɗauka tun daga ƙofar ɗakinta. Amma in na faɗa, dole ya san ta kira shi tana da rai, ta jira shi sati uku tana tambaya, ni kuwa na yaga takardar. Zuwa lokacin laifina a idonsa shi ne na ɓoye mutuwa na wuce gona da iri, abin da ake iya cewa tausayi ne ya ɓata. Wancan kuwa ba shi da suna mai kyau. Na auna biyun a cikin ƙiftawar ido, na zaɓi kaina.

Na ce, "Ba ta ce komai ba. Jikin ya yi nauyi, ba ta magana."

Ya gyaɗa kai, ya ce, "To." Ya tattara ƙaramin kashin ya sa a akwati, ya bar mini babban a kan tabarma.

An ba shi aiki a Minna ya ƙi, ya karɓi na Sakkwato, daga can Kaduna. Ya yi suna a aikinsa, manoma da yawa sun amfana da shi, ni kuma na sami abin da na nema, ana nuna ni ana cewa yayan Dokta. Bai yanke zumunci ba. Duk abin da ya taso na dangi yana aikowa, ku 'ya'yana biyu a gidansa kuka yi karatu. Amma in ya zo Minna ba ya kwana. Zai je maƙabarta, ya gaishe ni a tsaye, ya juya. Sau da yawa na shirya gaya masa. Na shirya ranar sunan Ummi, na shirya da zan tafi Makka na je neman gafararsa, na shirya ranar da muka binne Kawu. Kowane karo sai in ga ba lokacin ba ne.

Ganina da shi na ƙarshe a asibiti ne a Kaduna, shekara talatin da wani abu bayan dawowarsa. Na shiga mota tun asuba da niyya ɗaya, ina maimaita maganar Inna a hanya. Na same shi ya ƙanƙance a kan gado, Ummi tana ba shi ruwa a cokali. Ya ce ta ba mu wuri. Na matso, na ce, "Idi, akwai maganar da na zo da ita." Ya ɗaga hannu da ƙyar ya dafa nawa.

"Yaya, bar ta. In ta wasiƙu ce, na yafe maka tuntuni, wallahi ban riƙe ka ba. Kai don karatuna ka yi." Ya huta, ya ce, "Ni ne dai zan je in sami Inna ban san da wace fuska ba."

Ƙofa ke nan a buɗe, ba abin da ya rage sai in shiga. Amma ya ce don karatunsa na yi, kuma ya yafe mini a kan haka, na ji ba zan iya ɓata wannan yafiya ba. Na ce masa Allah mai rahama ne. Na tambaye shi ko yana iya cin abinci. Muka yi maganar ruwan sama da ya makara a shekarar. La'asar ta yi na kama hanya, na ce zan dawo mako mai zuwa. Ya rasu kwana biyar bayan haka.

Ummi, ke da ƙannenki, kakarku ba ta mutu tana fushi da mahaifinku ba. Ta yafe masa, ta kira shi, ni na tare saƙon. Yafiyar da ya yi mini a kan rabin labari ya yi ta, don haka ba na lissafa ta. Shi ba zan iya sake roƙonsa ba. Ku ne kuka rage, kuma ban ce lallai sai kun yafe ba.